Marfin da Ban Canza Ba

Ina cikin shekara ta tara da buɗe garejina a Kawaji aka fara kirana aiki Nassarawa GRA. Ni bakaniken injin dizal ne, shi na koya tun ina saurayi, kuma a lokacin na fara yin suna wurin masu manyan motocin shiga gona. Wanda ya aiko a kira ni wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati a fannin noman rani, ya yi ritaya ya koma noman shinkafa a wajejen Haɗeja. Alhaji kowa yake ce masa, haka ni ma zan kira shi a nan. Yana da wata babbar mota mai shan dizal da ta haura shekara ashirin a hannunsa, kuma ba ya yarda ta kwana a garejin kowa. In za a yi mata aiki, sai dai bakanike ya kwaso kayan aikinsa ya zo gida.

Gidan irin tsofaffin gidajen unguwar ne, marar bene, fili ya fi ginin yawa, ga mangwaro ga darbejiya. Can baya akwai ɗakunan ma'aikata, kuma a biyu daga cikinsu direban Alhaji yake zaune da matarsa da 'ya'yansa mata uku. Mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, dogo, siriri, gemu ya fara furfura, ba shi da yawan magana. Shekararsa goma sha tara yana tuƙa Alhaji. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya kamar yadda ya ji Alhaji yana faɗa. Bai taɓa zaman gareji ba, amma yana gane ciwon motar nan daga ƙararta. Sau da yawa kafin in buɗe bonet ya riga ya gaya mini inda zan duba, kuma da wuya ya kuskure.

A bazarar shekarar da nake ba da labari, motar ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai. Na saurare ta, na gwada, na ce wa Alhaji babu makawa sai an sauke injin. Ya ce a sauke. Na zo da wani abokin sana'ata, muka kafa ƙarafa a gindin mangwaro, muka rataya sarƙa, ranar Litinin kafin azahar injin yana ƙasa a kan tsofaffin tayoyi.

Ina son irin wannan lokacin a aikina, lokacin da inji ya fita gaban mota ya zama fili. Duk abin da ya ɓuya shekara da shekaru sai ka gan shi a sarari. Na kira Alhaji, aka kawo masa kujera, na tsaya ina yi masa bayani kamar malami a aji. Na ce tunda an riga an sha wahalar sauke inji, akwai abubuwan da bai kamata a mayar da shi ba a taɓa su ba, ko da ba su lalace ba tukuna. Na nuna masa faifan kuloci, wanda ya ci fiye da rabi. Na nuna masa robar da ke hana baƙin mai yoyo ta bayan inji, ta bushe ta yi tauri. Ga kujerun roba da injin yake zama a kansu, ɗaya ta tsage. Ga tiyon ruwa na can ciki da hannu ba ya kaiwa, ga famfon ruwa, ga wasu wayoyi da zafi ya gasa har suna marmashewa in an taɓa. Na ce masa kowane ɗaya a cikinsu ƙaramin abu ne, amma ranar da ya ba da matsala sai an sake sauke wannan ƙaton injin kafin a kai gare shi. Alhaji yana jin daɗin irin wannan bayani. Ya riƙa gyaɗa kai, ya ce su ma a aikin madatsar ruwa haka suke yi, in an rage ruwa don gyaran ƙofa ɗaya sai a duba sauran ƙofofin.

Baba yana tsugune a bayan injin har na gama. Sannan ya sa yatsa a kan wani ɗan marfin ƙarfe, faɗinsa bai fi tsohon kwabo ba, wanda yake toshe hanyar ruwa a jikin inji ta baya, daidai wurin da yake fuskantar bangon mota. Wani siririn layin tsatsa ya gangaro daga gefensa.

"Wannan fa, Injiniya?"

Ban lura da shi ba. Gaskiyar magana ke nan. Amma a gaban Alhaji, bayan duk jawabin da na yi, sai na ji ba zan iya cewa direba ya riga ni gani ba. Na ce ai na gan shi tun ɗazu, shi nake shirin ƙarasawa da shi. Na juya na yi wa Alhaji bayaninsa, na ce tsatsa takan ci irin wannan marfi daga ciki, ranar da ya huje ruwa zai tsiyaye, kuma in inji yana cikin mota ko yatsa ba ya isa wurin. Alhaji ya ce a canza komai, kada a bar ko ɗaya. Sharaɗinsa guda ne: motar ta tashi kafin Asabar, domin zai mayar da yayarsa gida. Tsohuwa ce da aka kawo Kano aka yi mata aikin ido, ta ƙosa ta koma ɗakinta, kuma hanyar ƙauyensu ƙaramar mota ba ta shiga. Na ce ranar Juma'a kafin a tafi masallaci zai ji kukan injinsa.

Na yi aikin nan da zuciya ɗaya, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Kwana huɗu ina zuwa da sassafe. Hajiya, matar Alhaji, takan aiko mini da koko da ƙosai, da rana kuma Baba ya fito da kwanon tuwonsa ya ce in sa hannu. Duk abin da na lissafa na canza shi. Marfin ne na bari sai ƙarshe, don aikin minti goma ne.

Da hantsin Juma'a na ciro sabon marfin da na sayo a Ƙofar Ruwa, na kara shi a kan tsohon, sai na ga ya ɗara shi faɗi kaɗan. Ba zai shiga ba. Ban auna ba kafin in tafi kasuwa, da ido na kimanta. Na tsaya da shi a hannu ina tunani. In na koma kasuwa, ga cunkoson Juma'a, ba zan dawo ba sai bayan an sauko daga masallaci. Abokin da zai kama mini mu mayar da inji ya ce da azahar zai wuce ɗaurin aure. Kuma dole in shiga in gaya wa Alhaji cewa ni da na yi masa lacca ban iya auna ɗan marfi ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini nauyi, ko da yake a ranar ban yarda shi ne dalilin ba.

Na goge tsohon marfin da sanfefa, na ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, na ji kamar da sauran ƙarfinsa. Na shafe gefensa da gam, na bi da baƙin fenti. Na ce wa kaina zai kai shekara, kafin nan na san dabarar da zan yi. Baba ba ya nan, ya kai Hajiya unguwa a ƙaramar mota. Kafin ya dawo mun ɗaga injin mun zaunar da shi, ina ɗaure notuna.

Ya zo ya leƙa, ya zagaya, ya tambaye ni ko an canza marfin nan na baya.

"An canza, Baba," na ce.

Sabon yana cikin aljihun wandona, ina jin sa a cinyata. Ya ce madalla, ya tafi yin alwala. Da na tayar da motar, injin ya yi wani lafiyayyen kuka, Alhaji ya fito da babbar rigarsa ta masallaci ya tsaya yana murmushi, ya sa mini albarka.

Washegari bayan la'asar aka kira ni a waya. Motar ta mutu bayan sun wuce Gujungu, injin ya buga. Daga baya na ji yadda abin ya kasance. Wurin babu gari kusa, babu inuwar kirki, ga zafin bazara na tsakar rana. Tsohuwar nan da bandeji a ido ta yi fiye da awa uku a gindin wata 'yar ƙaya kafin a samo motar da za ta ɗauke su. Ruwan shan da suke da shi Baba ya ɗura wa lagireto yana ƙoƙarin ceton injin. Jikinta ya rikice, maimakon gida sai asibiti aka dawo da ita Kano, ta kwana biyu ana ƙara mata ruwa. Cikin ikon Allah ta warke. Tun ina riƙe da wayar na san abin da ya faru, ban buƙaci ganin motar ba.

Ranar Litinin aka jawo ta gida, Alhaji ya aiko in zo. Na same shi a tsaye a gindin mangwaro, Baba yana gefe ya sunkuyar da kai, maigadi da mai ban ruwan fulawa suna daga nesa suna yi kamar ba sa ji. Ban taɓa ganin ran Alhaji ya ɓaci haka ba. Ba ya faɗa, muryarsa ce take rawa. Ya tambaye ni me zai sa injin da aka gama gyarawa jiya-jiya ya buga. Na buɗe lagireto, na leƙa, na ce rashin ruwa ne. Wannan gaskiya ce. Ya juya ga Baba. Baba ya ce ya duba ruwa bayan sallar asuba, a cike yake har baki. Alhaji ya sake juyowa gare ni, ya tambaya ko allurar zafi ba ta nuna wa direba in mota ta fara zafi.

Na san amsar. In ruwa ya zube gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, allurar ba ta tashi da wuri, domin ruwan take aunawa, shi kuma babu shi. Direba ko ya kai wa ƙwarewa ba zai ankara ba sai aikin gama ya gama. Duk bakaniken dizal ya san haka.

"Takan nuna, ranka ya daɗe," na ce.

Baba ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai irin na wanda yake jira ka ƙarasa magana. Na kawar da kai na shiga taɓa wayoyin batir da babu abin da ya same su. Alhaji ya ce dama ya lura kwanan nan shekaru sun fara kama Baba, ido ya rage, ga mantuwa. Ya ce ba don motar ba, don yayarsa da ta kusa rasa ranta. Ya miƙa hannu, Baba ya zaro mukullai daga aljihu ya sa masa a tafin hannu da hannu biyu.

Ni aka ba aikin sake gyaran injin. Da muka sauke shi na riga abokin aikina zagayawa baya. Marfin ya huje a tsakiya, huji kamar na ƙusa, fentina yana nan a gefe bai ko goge ba. Na ɓalle shi da sauri na jefa a akwatin kayan aiki, na sa sabo wanda na auna sau uku. Ina wannan aikin ne a satin da Baba yake kwashe kayansa. An ba shi wata guda ya tashi daga gidan, bai yi ko kwana goma ba. Ina ƙarƙashin mota na ga ƙafafunsu suna kai da kawowa, ana fito da katifa da tukwane da keken ɗinkin matarsa ana lodawa a a-kori-kura. Babbar 'yarsa, wadda take ajin ƙarshe a sakandare, ta fito da littattafanta a buhun shinkafa. Hajiya ta tsaya a baranda tana share hawaye da gefen mayafi. Ban fito ba sai da na ji tashin motar. Ko sallama ban yi masa ba.

Motar Alhaji ta tashi lafiya, har yau ina jin tana aiki. Ya yaba mini, ya haɗa ni da maƙwabtansa biyu da wani surukinsa a Hotoro. Duk wanda ya kawo mota sai ya ce Alhaji ya ce ni mutum ne mai amana. Nakan ce na gode. Na daina cin abincin gidan, in Hajiya ta aiko sai in ce ina azumi ko cikina ba daɗi. A gida matata ta lura na rage magana, ta tambaya, na ce gajiya ce. Sau biyu ina shirya abin da zan gaya wa Alhaji tun daga Kawaji, in na iso ƙofar gidan sai in tambayi lafiyar mota in juya.

Wajen wata bakwai bayan haka, da safe, wata tsohuwar motar rabon ruwan leda ta wani kamfani a Dakata ta shigo garejina tana tari. Direban ya sauko, sai na ga Baba. Ya rame, rigarsa ta jiƙe da gumi, hannunsa duk ya yi kanta saboda shi yake tuƙi shi yake taya sauke kaya. Bai san cewa garejina ne ba, manajansu ne ya turo shi. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali, ya gaya mini abin da yake ji a motar. Tiyon ruwa ne ya tsage, na ce ya je ya sha shayi kafin ya dawo na gama.

"A'a, Injiniya," ya ce. "Zan tsaya in gani."

Ya jawo wata taya ya zauna kusa da ni. Na ajiye sufanar da ke hannuna, na tsuguna a gabansa, na gaya masa komai, tun daga marfin da ban auna ba har zuwa maganar allura. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce ya sani tun a bakin hanya. Da ya ɗura ruwan shansu a lagireto ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya ga ruwan yana zuba ta bayan inji. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Alhaji.

"Ka ce mini an canza," ya ce. "Na ce ko sabon ne bai zauna daidai ba, kai za ka bayyana. Na tsaya ina jiran ka. Da na ji abin da ka faɗa, na ga in na yi magana zai zama tsoho yana neman wanda zai ɗora wa laifi."

Na tambayi iyalinsa. Ɗaki ɗaya ya samu a Kaura Goje, bai ishe su ba, sai ya mayar da matar da yaran ƙauye. Babbar ba ta zana jarrabawar fita ba a shekarar. Ya faɗi wannan ba tare da ya canza murya ba. Na roƙe shi gafara. Ya ce shi ya yafe nasa, amma akwai wanda har yanzu yake ganin ya yi sakaci da ran yayarsa, wannan ne yake hana shi sukuni. Na gyara tiyon yana kallo, ya duba da hannunsa, ya ja motarsa ya tafi.

A ranar, bayan azahar, na tafi Nassarawa. Na sami Alhaji a baranda yana karanta jarida. Ban zauna a kujerar da ya nuna mini ba, na zauna a ƙasa. Na faɗa masa, kuma ya fi mini wuya fiye da na safe, domin shi bai san komai ba, ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Na yi zaton zai zage ni ko ya kira maigadi. Sai ya cire tabarau ya riƙe, ya daɗe yana kallon wajen ɗakunan baya inda yanzu sabon direba yake. Ya ce shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya gaya masa ya duba ruwa, amma ya ɗauki maganar wanda ya sani shekara biyu. Bai ƙara cewa komai a kaina ba. Ya tambayi inda Baba yake zaune, ya ce in shiga gaba in nuna hanya.

Muka jira har Baba ya taso daga aiki da yamma. Alhaji ya cire takalmi ya shiga ɗan ɗakin nan, ni na tsaya a waje jikin bango. Sun fi rabin awa. Ban ji abin da suka faɗa ba, sai dai da suka fito idon Alhaji ya yi ja, Baba yana riƙe da hannunsa har bakin mota. Daga baya na ji cewa ya roƙe shi ya dawo, Baba ya ƙi. Ya ce ba zai so a kori wani saboda shi ba, shi ma sabon direban yana da iyali. Abin da ya karɓa guda ne: Hajiya ta aika aka ɗauko babbar 'yar daga ƙauye, ta zauna a wurinta ta maimaita ajin, ta zana jarrabawa a shekara ta gaba.

Alhaji bai sake kirana aiki ba, maƙwabtansa ma ɗaya bayan ɗaya suka daina. Ban san ko ya gaya musu dalili ba, ban kuma tambaya ba. Mun haɗu sau ɗaya a wata jana'iza a Hotoro, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi aiki, ya wuce.

Baba ya yi shekara uku yana rabon ruwa, sannan gwiwa ta matsa masa ya koma ƙauye. Bara da kaka na nemi hanya na je gaishe shi. Na same shi a gona shi da matarsa suna roron wake. Ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, muka yi hirar damina da tsadar taki, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini wake a bayan babur. Na ce ba zan karɓa ba, ya ce ba ni ya ba, na yara ne.